Garkuwar Jiki Bayan Shekara Sittin: Amsoshin Tambayoyinku kan Bairos da Allurar Rigakafi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, da yawansu kan tsofaffi ne: iyaye, kakanni, da masu karatu da su kansu shekaru suka fara ja. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a, mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mura ta shiga gidanmu, ta kama ni da yarana uku da mahaifina mai shekara 74. Mu duk mun miƙe cikin kwana biyar. Shi kuwa sai da aka kwantar da shi a asibiti, aka ce ta sauka masa a huhu. Baba ba shi da ciwon siga, ba ya shan taba. Me ya bambanta jikinsa da namu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya bambanta shi da ku shi ne saurin tashin garkuwar jiki. Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum ya mai da ita wurin haihuwarsa. Na infuluwenza yakan kammala zagaye ɗaya cikin 'yan awoyi, ya fito da ɗaruruwan 'ya'ya, kowanne ya nemi sabuwar ƙwaya. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu wajen tare shi ya isa ya ba shi damar gangarawa daga hanci da maƙogwaro zuwa huhu. Shekaru kuwa suna jawo jinkiri a kusan kowane mataki.

Matakin farko ma bai kai ga jini ba. Hanyar numfashi a shimfiɗe take da ƙananan gashi da ido ba ya gani, masu kaɗa majina zuwa sama tare da duk abin da ta kama. Da tsufa kaɗawarsu na yin sanyi, naman ƙirji ya rage ƙarfi, tari ya daina fitar da kaki yadda ya kamata, haɗiya kuma takan kuskure hanya, yawu ya zarce cikin huhu, musamman da dare.

Sai ƙararrawa. Ƙwayar da bairos ya shiga tana sakin wani sinadari mai suna intaferon, wanda ke sanar da maƙwabtanta su kulle ƙofa. A jikin tsoho wannan sanarwa tana makara, kuma ba ta da ƙarfi. Akwai ma waɗanda jikinsu ke toshe ta da kansa: wani bincike da aka buga a 2021 ya gano cewa wajen kashi 4 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 70 suna ɗauke da antibodi, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa don kama baƙo, masu kashe aikin intaferon nasu, kuma an sami irin waɗannan antibodi a wajen kashi 20 cikin ɗari na waɗanda korona ta kashe.

Babban sauyin yana wajen fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. A ɓargo ake haifarsu, amma tarbiyyarsu a wani ɗan nama ake yi da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimos. Kowace ƙwayar T da ta fito daga can sura ɗaya tak take ganewa, don haka jiki na buƙatar miliyoyin iri daban-daban, domin duk baƙon da ya zo a sami mai gane shi. Shi taimos tun ƙuruciya yake fara tsukewa, bayan balaga abin ya ƙara sauri, kitse ya riƙa maye gurbinsa. Kafin mutum ya kai shekarun Baba, sababbin ƙwayoyin da ke fitowa daga cikinsa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Waɗanda suka rage kuma, da yawansu an riga an ɗaura musu aiki. Akwai wani bairos mai suna saitomegalo, ana taƙaita shi CMV, wanda yawancin mutanen duniya ke ɗauke da shi ba su sani ba, kuma ba ya barin jiki har abada. Gadinsa kaɗai yakan cinye kaso mai tsoka na ƙwayoyin T na tsoho. Idan sabon bairos ya zo, masu gane shi kaɗan ne, kuma kafin su ninku su kai yawan da za su yi yaƙi, ya riga ya yi nisa.

Ƙwayoyin B, masu ƙera antibodi, su ma abin ya shafe su. A cikin kaluluwa suke taruwa na tsawon makonni suna gyara antibodinsu har ya dace da bairos kamar makulli da ɗansa. Da tsufa waɗannan wuraren taro na ƙanƙancewa, sai antibodin ya fito kaɗan, riƙonsa da rauni, kuma ya yi saurin raguwa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi rikita mutane. Jikin tsoho kullum yana cikin wani ɗan kumburi na ciki da ba a gani, wanda masanin Italiya Claudio Franceschi ya yi wa laƙabi a shekarar 2000, ma'anar laƙabin kumburin tsufa. Garkuwar da ta makara wajen tashi, idan ta tashi sai ta wuce gona da iri, ta cika jakunkunan iskar huhu da ruwa. Huhun da ya ji rauni haka kuma ƙofa ce a buɗe ga bakteriya. Shi ya sa tsohon da ya fara samun sauƙi, sai kuma bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da tari suka dawo da ƙarfi, a mayar da shi asibiti a ranar.

Amma ki san cewa garkuwar Baba ba ta manta abin da ta koya a ƙuruciya ba. A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro da ke arewacin Tekun Atlantika bayan shekara 65 rabonsu da ita, ta kwantar da yawancin mazauna. Likita Peter Panum ɗan ƙasar Denmak ya lura cewa tsofaffin da suka yi ta a 1781 ba ta taɓa su ba. A 2008 ma an gwada jinin dattawan da suka rayu bayan annobar infuluwenza ta 1918, aka tarar har lokacin, bayan shekara 90, suna da ƙwayoyin B masu gane wannan bairos. Tsohon karatu yana nan daram. Sabon karatu ne ke ba ta wuya, kuma infuluwenza na sauya kamanni kusan kowace shekara.

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 81. Kwanaki ta wayi gari tana sambatu, ta ƙi cin abinci, ta faɗi a banɗaki. Jikinta ba zafi, don haka muka ɗauka tsufa ne. Sai kwana na uku aka gano korona ce. Ta yaya za mu gane nan gaba?

Amsa: Malam, kada ku ɗora wa kanku laifi, wannan kuskure ne da har ma'aikatan lafiya ke yi. Zazzaɓi aikin garkuwar jiki ne, ita ke umartar ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafi. Idan garkuwa ta yi sanyi, cuta mai tsanani na iya zuwa ba tare da jiki ya yi zafi ba. Ƙari a kan haka, zafin jikin tsofaffi na yau da kullum yakan gaza na matasa, don haka abin da ma'auni ya nuna kamar lafiya lau, a wajenta yana iya zama zazzaɓi.

Ku auna zafin Mama da safe kwana uku a jere lokacin da take lafiya, ku rubuta, wannan shi ne ma'auninta. Ƙa'idar da likitocin tsofaffi ke bi ita ce: digiri 37.8 a baki ko sau ɗaya ne, ko 37.2 idan ya maimaitu, ko ƙarin digiri 1.1 a kan nata na kullum, duk zazzaɓi ne. Sannan ku ƙirga numfashinta na cikakken minti ɗaya tana kwance ba ta san ana ƙirgawa ba. Tsakanin 12 da 20 shi ne daidai. Idan ya kai 25, huhu ake zargi. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin tana da amfani: 92 ko ƙasa da haka, asibiti kai tsaye. Sai dai a kula, tana iya nuna adadi sama da gaskiya a fata mai duhu, kuma yatsa mai sanyi ko farce mai fenti na rikita ta, don haka idan tana haki kada lambar na'ura ta kwantar muku da hankali.

Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin awoyi ko kwana, yawan barci, faɗuwa, sakin fitsari ga wadda ba ta saba ba, ƙin ci da sha: kowanne daga cikinsu a ɗauke shi cuta ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Mantuwar tsufa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru.

Dalilin gaggawar shi ne magungunan bairos suna da wa'adi. Oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu, ya fi aiki a kan infuluwenza idan an fara shi cikin awa 48, miligiram 75 sau biyu a rana, kwana biyar, ana rage shi ga mai raunin ƙoda. Wanda ciwo ya kwantar ana ba shi ko wa'adin ya wuce. Paxlovid na korona cikin kwana biyar ake fara shi, kuma yana karo da magunguna da dama, har da simbastatin na rage kitsen jini da wasu masu tsinka jini, don haka ku tafi da kwalayen duk abin da take sha. Antibayotik ba ya kashe bairos, sai in bakteriya ta biyo baya.

Tambaya: Shekarata 68. Na ji an ce allurar rigakafi ba ta kama jikin tsofaffi sosai. In haka ne, me zai sa in wahalar da kaina da ta infuluwenza duk shekara?

Amsa: Alhaji, rabin maganar gaskiya ce. Allura ɗaya, in an yi wa mai shekara 30 da mai shekara 75, na biyun yakan samar da antibodi kaɗan, kuma nasa ya fi saurin raguwa. Amma a duba wanda cutar ke kashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa infuluwenza na jawo mutuwar mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar ciwon numfashi. A Amurka, kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari na masu mutuwa da ita 'yan shekara 65 ne zuwa sama. Kariyar da ba ta cika ba, a jikin wanda haɗarinsa ya fi na kowa, ta fi ceton rai a kan cikakkiyar kariya a jikin saurayin da ko ya kamu zai miƙe. Kuma ɓarnar cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba: wani bincike a Kanada da aka buga a 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya na ninkawa wajen sau shida a makon farko bayan an tabbatar mutum ya kamu da infuluwenza.

Masu haɗa rigakafi sun san da wannan rauni, sun kuma bi hanyoyi biyu. Ta farko ƙara yawa. Allurar da aka saba tana ɗauke da maikirogiram 15 na furotin ɗin kowane nau'in bairos, ta tsofaffi kuwa 60, ninki huɗu ke nan. A gwajin da aka yi da dattawa kusan 32,000, aka buga a 2014, ta rage kamuwa da wajen kashi 24 cikin ɗari fiye da ta kullum. Hanya ta biyu ƙara sinadarin zaburarwa, irin MF59 da ke cikin Fluad, wanda ke janyo ƙwayoyin garkuwa zuwa wurin da aka yi allurar don kaluluwa ta ɗauki abin da muhimmanci. Akwai allura ta uku, Flublok, mai maikirogiram 45. Tun 2022 hukumomin lafiya na Amurka suka fifita waɗannan ukun ga 'yan 65 zuwa sama. Ra'ayinmu a nan a fili yake: in akwai ɗaya daga cikinsu a nema, in babu a karɓi ta kullum nan take. Jiran wadda ta fi har lokacin cuta ya shigo asara ce.

Maimaitawar duk shekara dalili biyu gare ta. Bairos ɗin na sauyawa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke sabunta shawarar haɗin sau biyu a shekara, a Fabrairu don arewacin duniya, a Satumba don kudanci. Sannan kariyar na raguwa cikin watanni. Tana buƙatar wajen mako biyu kafin ta kama, don haka a yi ta gab da lokacin da cutar ke tashi, kada a riga shi da watanni da yawa. Haka abin yake ga korona: shawarar da hukumar ta bayar a 2023 ita ce tsofaffi su sabunta allura bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon shekaru da ciwukan da suke ɗauke da su.

Tambaya: Mijina, mai shekara 63, wasu ƙuraje masu ruwa sun fito masa a layi ɗaya daga baya zuwa ƙirji, gefen dama kaɗai. Sun warke wata huɗu ke nan, amma har yanzu ko riga ta taɓa wurin sai ya yi ƙara. An ce wai ƙarambau ce ta dawo. Yaya za a yi ciwon yara ya dawo wa dattijo?

Amsa: Hajiya, gaskiya aka gaya muku. Sunan ciwon shingil. Wanda ya yi ƙarambau yana yaro, bairos ɗin bai fita ba, ya laɓe ne a ƙullin jijiyoyi da ke gefen laka, ƙwayoyin T suna danne da shi shekara da shekaru. Ranar da danniyar ta yi sako-sako sai ya bi jijiya ɗaya ya fito fata, shi ya sa ƙurajen ke tsayawa a gefe ɗaya kamar ɗamara, ba sa tsallaka tsakiyar jiki. Wajen mutum ɗaya cikin uku zai yi shi a rayuwarsa, haɗarin na hawa sosai bayan shekara 50, kuma cikin waɗanda suka kai 85 kusan rabi sun taɓa yi.

Raɗaɗin da Maigida ke ji jijiyar ce ta ji rauni. Yana samun kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari na masu ciwon, ya fi yawa kuma ya fi daɗewa ga tsofaffi. Farasitamol ba ya yi masa komai sosai. Ana amfani da magungunan ciwon jijiya irin gabafentin ko amitiriftilin, a fara da kaɗan a ƙara a hankali, domin suna sa jiri da barci, faɗuwa kuma ga dattijo ba ƙaramin abu ba ne. Ku koma wa likita, kada ya zauna yana daurewa.

Ga sauran masu karatu: kwana biyu ko uku kafin ƙuraje su fito, wurin yakan yi zugi ko ƙuna ko ƙaiƙayi. Da sun fito a fara magani cikin awa 72, asiklobir miligiram 800 sau biyar a rana, ko balasiklobir miligiram 1,000 sau uku a rana, kwana bakwai, tare da shan ruwa sosai saboda ƙoda. In sun fito a goshi, fatar ido ko kan hanci, likitan ido a ranar, don yana iya makantarwa. A rufe ƙurajen har su bushe, saboda ruwansu na iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau, mai ciki da jariri su ne abin ji.

Tarihin rigakafinsa ya nuna cewa garkuwar tsoho tana amsawa in an san yadda za a tashe ta. Tsohuwar allurar, Zostavax ta 2006, mai raunannen bairos ce, kariyarta wajen kashi 64 cikin ɗari ga 'yan 60 zuwa 69, ta faɗo zuwa 18 ga waɗanda suka kai 80. Shingrix ta 2017 furotin ɗaya ce kawai daga jikin bairos, haɗe da sinadarin zaburarwa mai ƙarfi, ta ba da wajen kashi 97 ga 'yan 50 zuwa 69, da 91 ga 'yan 70 zuwa sama. Allura biyu ce, tsakaninsu wata biyu zuwa shida. Tana da ɗan nauyi: wajen mutum ɗaya cikin shida takan hana shi harkokinsa na kwana biyu ko uku, da ciwon hannu da kasala. Wanda ya taɓa yin ciwon ma ana yi masa bayan ya warke, domin yana iya dawowa.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 61. Na kammala allura uku na ciwon hanta nau'in B, aka gwada jinina aka ce ba ta kama ba. Kuskure aka yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ba lallai ba. A ƙasa da shekara 40, fiye da kashi 90 cikin ɗari ke samun kariya bayan allura uku. A shekara 60 abin na sauka zuwa wajen kashi 75. Ƙiba, shan taba da ciwon ƙoda na ƙara rage shi.

Amma a bincika abubuwa uku. Yaushe aka yi gwajin? Wata ɗaya zuwa biyu bayan allurar ƙarshe ake yinsa, ana neman antibodi ya kai 10 a ma'aunin da ake amfani da shi. In bayan shekaru aka gwada, ƙarancinsa ba ya nufin ba ta taɓa kamawa ba. A ina aka yi allurar? A tsokar dantse ake yinta. Ta ɗuwawu takan tsaya a kitse, haka ma gajeren tsinke a hannu mai kauri, wanda ke buƙatar milimita 38 maimakon 25. Yaya aka adana ta? Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, in ta daskare ko sau ɗaya ta lalace, narkewa ba ya gyara ta.

Kafin a maimaita, a gwada ko kina ɗauke da bairos ɗin ba ki sani ba, don mai ɗauke da shi ba ya amsa rigakafi. In babu, a sake zagaye na biyu a kuma gwadawa, da yawa suna kamawa a nan. Akwai Heplisav-B, allura biyu a tazarar wata ɗaya, mai sinadarin zaburarwa na daban da ya fi kama manya. Wadda zagaye biyu bai kama ta ba, in allurar majinyaci mai cutar ta soke ta, tana buƙatar allurar shiryayyen antibodi da gaggawa, an fi so cikin awa 24.

Tambaya: Shekarata 66, ina shan firednisolon saboda ciwon gaɓoɓi. Zan yi tafiya, an nemi shaidar rigakafin shawara. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Malam, kuma madalla da ka tambaya kafin ka miƙa hannu. Rigakafin shawara rayayyen bairos ne da aka raunana. Garkuwa mai jinkiri na iya barinsa ya yaɗu ya taɓa hanta, ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi samun waɗanda suka kai 60 kuma karonsu na farko ke nan. Wanda aka cire wa taimos ko yake da ciwonsa, ba a yi masa sam. Mai shan firednisolon miligiram 20 ko fiye a rana na tsawon mako biyu zuwa sama, ba a yi masa rayayyar allura sai bayan aƙalla wata ɗaya da dainawa, kuma ba a yanke wannan magani farat ɗaya, likita ke saukar da shi.

Ka fara duba tsohon katinka. Tun 2016 dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa suka amince cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In ba ka taɓa yi ba, likita zai auna haɗarin cutar a inda za ka da na allurar, yana kuma iya rubuta maka takardar uzuri. Allurar infuluwenza, korona da Shingrix ba rayayyu ba ne, kana iya karɓarsu, ko da yake maganin na iya rage kamawarsu.

Tambaya: Ana tallar ƙwayoyin ƙara garkuwar jiki ko'ina. Wanne zan saya wa iyayena?

Amsa: Malama, babu ƙwayar da aka tabbatar tana mayar da garkuwar tsoho ta zama ta yaro, kuma muna jin zafin kuɗin da iyalai ke zubarwa a kan wannan. Cike giɓi ne kawai ke da amfani: wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin bitamin D, B12 ko zinki, a ba shi. Wuce kima kuma cutarwa ce, zinki fiye da miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana hana jiki ɗaukar sinadarin jan ƙarfe, wato kofa, ya jawo ƙarancin jini da raguwar fararen ƙwayoyi.

Abin da ke da hujja ya fi wannan araha. Furotin: dattijo mai lafiyayyar ƙoda na buƙatar giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 giram 60 zuwa 72, a rarraba tsakanin abincin yini. Antibodi kansa furotin ne, kuma tsofaffi da yawa ba sa kai wannan adadi saboda haƙori ko rashin jin yunwa. Motsa jiki: minti 150 zuwa 300 a mako na abin da ke ɗan ɗaga numfashi, da aikin ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa. Wani bincike a Ingila a 2018 ya duba mutum 125 'yan shekara 55 zuwa 79 da suka daɗe suna tuƙa keke mai nisa, ya tarar taimos ɗinsu na fitar da sababbin ƙwayoyin T kusan kamar na matasa. Sai daidaita siga, barin taba, isasshen barci, da tsaftar baki da haƙoran roba, don abin da ke baki shi ke gangarawa huhu.

Tambaya: Kakata, mai shekara 77, tana shan maganin tsinka jini. Jikokinta na yawan kawo mata tari daga makaranta. An ambata mana wata allura ta RSV. Za a iya haɗa mata da ta infuluwenza rana ɗaya?

Amsa: Za a iya, ɗana, ɗaya a kowane hannu. RSV bairos ne da aka fi saninsa da wahalar da jarirai, amma yana kwantar da tsofaffi, musamman masu ciwon zuciya ko huhu, kuma babu maganin kashe shi da ake ba manya, sai tallafin oksijin da ruwa. A 2023 aka amince da allurarsa ta farko ga manya, Arexvy da Abrysvo. Arexvy ta rage ciwon da ke sauka a huhu da wajen kashi 83 cikin ɗari a kakar farko. Amurka na ba da shawarar allura ɗaya ga duk wanda ya kai 75, ba kuma duk shekara ake maimaita ta ba. An lura da ɗan ƙarin haɗarin wani ciwon jijiya mai sa raunin ƙafafu a makonni shida na farko. Yana da wuyar faruwa, amma in ƙafafunta suka fara nauyi ko rauni, a kai ta asibiti. In jikinta ba ƙarfi, raba alluran da mako ɗaya ko biyu zai rage mata kasala, muddin za ku koma.

Kada ta daina maganin tsinka jini saboda allura. A sanar da mai yin allurar, ya yi amfani da siririn tsinke, a danne wurin minti biyu ba tare da murzawa ba. Ta zauna minti 15 kafin ta tashi. Ba a shan farasitamol kafin allura don kandagarki, sai in ciwo ko zazzaɓi ya zo daga baya. Ƙaramar mura ba ta hana allura, zazzaɓi mai ƙarfi ne ke sa a ɗaga. Su kuma jikokin, a cika musu nasu rigakafin, su wanke hannu da sabulu da sun shigo, a buɗe tagogi, wanda ke tari da zazzaɓi kuma ya gaishe da Kaka daga bakin ƙofa har sai ya yi kwana ɗaya cur ba zazzaɓi.